Me Ke Sa Direba Ya Karya Dokar da Ya Sani?

'Yan'uwa manoma, da zarar an gama girbi, aikinmu yakan koma kan hanya. Buhunan riɗi da gyaɗa da wake da shinkafa sai sun kai kasuwa kafin su zama kuɗi. Daga Kantoga, Sundimina, Kila, Basirka da sauran garuruwan Birnin Kudu da Gwaram, kowa yana neman a-kori-kura ko kanta ko babur. Hanyar da muke fitowa kuwa ba tamu kaɗai ba ce. Babbar hanya ce wadda ta taso daga Kano ta Wudil, ta ratsa Birnin Kudu. A Babaldu wani reshe ya nufi Ningi da Bauchi, wani kuma ya bi ta ƙasar Gwaram ya yi gabas. Tirela da tanka da motocin fasinja suna tafe a kanta dare da rana, ga amalanke, ga shanu, ga 'yan makaranta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma babu abin da ya kai shi kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. A Nijeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, watau FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta lissafta mutum fiye da 5,000 da suka rasu a kan hanya a 2023, haka kuma a 2024. Cikin dalilan da take bayarwa, gudun wuce kima shi ne kan gaba.

Gaskiya ne akwai laifin ramuka, da tsohuwar taya, da birki marar kyau. Amma ku tambayi kowane direba a tasha, ya san ba a wuce mota a kwana. Ya san lodi yana da iyaka. Ya san gudu yana kisa, gama ya sha zuwa jana'izar abokan sana'arsa. To, me ke sa mutum mai hankali, mai iyali, ya aikata abin da ya san zai iya halaka shi? Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna binciken wannan tambaya. Sun gano cewa zuciya takan ruɗi mai tuƙi ta waɗansu hanyoyi sanannu, iri ɗaya a kowace ƙasa. In mun gane su, za mu san inda za mu tare su.

1. "Ni ai gwani ne"

A 1981 wani malami ɗan ƙasar Suwidin, Ola Svenson, ya tambayi masu tuƙi yadda suke ganin gwanintarsu in an gwada su da sauran. Cikin Amurkawan da ya tambaya, kashi 93 cikin 100 suka sa kansu cikin rabin da ya fi iyawa. Cikin mutanen Suwidin kuwa kashi 69. Ku duba lissafin: ba shi yiwuwa kusan kowa ya kasance cikin rabin sama. Dole da yawa daga cikinsu sun ruɗi kansu.

Haka abin yake a tasoshinmu. In direba ya ji labarin haɗari, yakan ce, "Wannan bai ƙware ba ne." In shi ne ya tsallake rijiya da baya, sai ya ce gwaninta ce ta fid da shi. In kuwa ya buga, sai ya ce ɗayan ne ya shigo masa. Ta haka kullum yabo nasa ne, laifi na wani. Mutumin da ke ganin kansa haka yakan ɗauka dokar gudu domin 'yan koyo aka yi ta. Amma Hausawa sun riga sun faɗa, gwanin ruwa shi ruwa kan ci. Gwaninta ba ta rage tsawon filin da mota ke bukata kafin ta tsaya.

2. Sabo da hanya

Direba ya wuce mota a kwana yau, bai gamu da kowa ba. Gobe ya sake, lafiya lau. Bayan ya yi haka sau ɗari, zuciyarsa ta riga ta koyi darasin ƙarya, cewa abin ba shi da haɗari. Kowane ganganci da aka yi aka tsira, ƙara ƙarfin hali yake yi. Ladan ganganci nan take ake samunsa, watau isa da wuri. Hukuncinsa kuwa ba kullum yake zuwa ba, ran da ya zo kuma sau ɗaya ya isa.

Sabo yana da wata illa. Wanda ya san hanya ƙwarai yakan daina kallonta. Hannu da ƙafa suna aiki, hankali yana can wajen bashin taki ko rigimar gida. Hanyar da ka sani jiya kuwa ba lalle ita ce ta yau ba. A watan Agusta na 2021 ruwan sama ya karya gada a kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, motar fasinja ta taho ta auka ciki, mutum 21 suka rasu. Gyaran gada da kafa alamar gargaɗi aikin hukuma ne, babu shakka. Namu darasin shi ne, da damina, da dare ko da asuba, a yi tafiya da gudun da za a iya tsayawa cikin iyakar abin da fitila ta haska.

3. Gaggawa da lissafin aljihu

Direban haya yana da balas da zai kai wa mai mota kowace rana, ga kuɗin mai, ga na tasha. Abin da ya ragu shi ne na cefane. Saboda haka ranar kasuwa zuciyarsa tana kan ƙarin sawu ɗaya da ƙarin buhu biyar. Ribar tana gaban idonsa, ana iya ƙirga ta. Haɗarin kuwa ba a ganinsa. Ɗan Adam ya fi ba abin da ke kusa nauyi bisa abin da ke nesa, ko da na nesan ya fi girma.

Amma bari mu yi lissafin sosai. Tafiyar kilomita 40 a gudun kilomita 80 cikin awa takan ci minti 30. In an taka zuwa 100, sai ta ci minti 24. Ribar duka minti 6 ke nan, bai kai lokacin da ake ɓatawa wajen ciniki da ɗan kamasho ba. Me aka biya domin wannan minti 6? Motar da ke gudun 100 tana cin mita 28 cikin daƙiƙa ɗaya. Daga sa'ad da ido ya ga saniya zuwa sa'ad da ƙafa ta taɓa birki, daƙiƙa ɗaya ko fiye ta wuce. Bayan haka kuma, in gudu ya ninka biyu, filin da birki ke bukata yakan ninka huɗu. In an yi lodi fiye da kima, filin ya ƙara tsawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk sa'ad da gudun motoci a wata hanya ya ƙaru da kashi 1 cikin 100, haɗarin da ke kai ga mutuwa yakan ƙaru da kashi 4. Shi ya sa ƙa'idar hanya ta Nijeriya ta tsai da kilomita 50 cikin gari, da 80 a babbar hanya irin tamu, ga ƙananan motoci da na fasinja. Sauri ya haifi nawa.

Mu manoma ma muna da hannu a nan. Mu ne mukan makara wajen ɗaurin kaya, sa'an nan mu ce wa direba, "Taka mana, kasuwa za ta watse." Mu ne mukan roƙe shi ya ƙara buhu, mu kuma hau bisa kayan mu zauna.

4. Jiki yakan saba da gudu

Wanda ya taso daga Kano ya yi awa guda yana sheƙa gudu, in ya iso bakin gari ya sassauta zuwa 70, sai ya ji kamar tafiyar kunkuru yake yi. Jikinsa ya saba, ma'aunin da ke cikin kansa ya lalace. Shi ya sa ake yawan buge mutane a mashigar gari da bakin kasuwa. Maganin wannan shi ne duban agogon gudu, ba jin jiki ba. Motar da agogonta ya mutu kuwa kamar mai awo ne ba mudu.

Akwai kuma wani abin mamaki. Wani masani a Kanada, Gerald Wilde, ya yi bayani a 1982 cewa kowane mutum yana da gwargwadon haɗarin da zuciyarsa ta yarda da shi. In ya ji ya sami ƙarin tsaro, sai ya ƙara ganganci har ya koma gwargwadon nan. An ga alamar haka a birnin Munik na Jamus a shekarun 1980, inda aka sa wa waɗansu motocin tasi sabon birki mai hana taya kullewa, aka bar sauran da tsohon. Haɗarin masu sabon birki bai ragu ba, domin direbobinsu sun ƙara kuzari a kan hanya. Masana ba su yarda da dukan maganar Wilde ba, gama bel da hular kwano suna ceton rai ƙwarai. Amma kowa ya san abin da kan faru in an zuba sabuwar kwalta: ramuka sun tafi, ƙafa ta nutse a totur.

5. Idon jama'a

Saurayi a kan babur shi kaɗai yakan tafi a hankali. Bari ya hango abokansa a bakin hanya, ko ranar kai amarya, sai ka ga an saki hannu, ana tashi tsaye. A 2005 waɗansu malamai biyu a Amurka, Margo Gardner da Laurence Steinberg, suka gwada wannan da wasan tuƙi a kwamfuta. Samari suka yi wasan su kaɗai, waɗansu kuma suka yi abokansu na kallo. Masu 'yan kallo suka fi yin kasada nesa ba kusa ba. Ga manya kuwa bambancin kaɗan ne. Likitoci sun ce sashen ƙwaƙwalwa mai tsawata wa mutum ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Ku tuna da wannan kafin ku miƙa wa yaro ɗan shekara 15 makullin babur ku aike shi kasuwa. Doka ma ba ta ba da lasin tuƙi ga wanda bai kai 18 ba.

Manya su ma ba su tsira ba. A tasha akan yi wa mai gudu kirari, a yi wa mai natsuwa ba'a. Wani in an wuce shi sai ya ji an ci masa fuska, ya bi ɗayan da tsere, da rayuka goma sha takwas a bayansa. Wani kuma fushin gida ko na mai mota yake hucewa a kan totur.

Idon hukuma ma yana da nasa labari. A watan Janairu na 2009, sa'ad da aka fara tilasta sa hular kwano, an ga 'yan acaɓa a Kano da waɗansu garuruwa sun kifa ƙwarya a ka domin su wuce jami'ai. Wannan ya nuna abin da suke tsoro: tara, ba fashewar kai ba. Wanda ke bin doka domin tsoron jami'i, da ya wuce shinge ya ajiye ta. Ga shi kuwa hular kwano ta ƙwarai tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau shida, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya.

6. Gajiya, ƙwaya da waya

Mai gajiya ba ya sanin iyakar gajiyarsa, domin abin da zai auna ta da shi, watau ƙwaƙwalwa, shi ne ya gaji. Binciken da aka yi a Ostareliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, hankalinsa yakan yi rauni kamar na wanda ya sha giya har ya kai iyakar da dokar ƙasashe da yawa ta hana tuƙi. Manomin da ya tashi da asuba ya wuni a gona, sa'an nan ya ɗauki mota da dare, ya shiga wannan hali ko da bai taɓa shan kome ba. Barci ɓarawo ne. Yakan ɗauke mutum daƙiƙa biyu ko uku ido a buɗe.

Waɗansu sukan nemi taimakon goro da shayi mai kauri, waɗansu har da taramol da maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana sarrafawa da shigowa da shi a 2018. Ƙwaya ba ta biyan bashin barci. Abin da take yi shi ne ta kashe tsoro, tsoro kuwa shi ne birkin zuciya.

Waya ita ma haka. Mai tuƙi yana waya ya fi wanda ba ya yi shiga haɗari wajen sau huɗu. In ka dubi waya daƙiƙa uku a gudun 80, ka yi tafiyar mita 66 ido a rufe.

7. "In kwana ya ƙare..."

Wannan ita ce maganar da ta fi wuyar taɓawa. In ka ce wa direba ya sassauta, sai ya ce, "Kowa da ranarsa." Wani kuma ya dogara ga laya ko guru, wai ko mota ta kife shi zai ɓace. Wani masani ɗan ƙasar Kwaddibuwa, Dongo Rémi Kouabenan, ya binciki wannan a ƙasarsu, ya buga sakamakon a 1998. Ya tarar waɗanda suka fi ɗauka cewa haɗari ƙaddara ce kawai, ko aikin asiri, su suka fi yin kasada da sakaci da matakan tsaro.

Dukanmu, Kirista da Musulmi, mun gaskata rai a hannun Allah yake. Amma babu manomin da ke cewa, "In Allah ya nufa zan girba," sa'an nan ya ƙi yin shuka da noma. Muna rufe rumbu saboda ɓera, muna ɗaure akuya saboda kura, ba wanda ya ce rashin bangaskiya ne. Allah ya ce, tashi in taimake ka. Wanda ya ɗauki fasinja kuwa amanar rayukan mutane ya ɗauka, ba shi da ikon yin caca da su.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Tun da zuciya takan ruɗi mutum sa'ad da yake riƙe da sitiyari, wa'azi kaɗai ba ya isa. Abin da ke aiki shi ne a yanke shawara tun kafin a hau hanya, kuma a sami waɗanda za su tuna wa direba.

Ga misali daga Kenya. Malamai biyu, James Habyarimana da William Jack, suka liƙa 'yan takardu cikin motocin haya fiye da dubu, masu cewa fasinja su yi magana in direba yana ganganci. Sauran motocin aka bar su haka. Sakamakon da suka buga a 2011 ya nuna cewa neman diyyar haɗari a kamfanin inshora ya ragu da rabi ko fiye a motocin da aka liƙa wa takardun. Ba a gyara hanya ba, ba a ƙara jami'i ko ɗaya ba. Bakin fasinja ne kawai ya buɗe. Da ma kowa a cikin motar yana jin tsoro, amma kowa yana jiran wani ya fara, kada a ce shi matsoraci ne.

Ƙungiya tana da ƙarfin da mutum ɗaya ba shi da shi, domin ita ke ba da haya. Ga shawarwari:

(a) Ku haɗa kayanku ku ɗauki shatar mota guda. Ku daidaita da direba a kan kuɗin da zai ishe shi ba tare da ya yi ƙarin lodi ko tseren sawu na biyu ba.

(b) Ku ɗaure kaya tun daren jiya, a tashi da wuri. Wanda bai makara ba, ba ya matsa wa direba.

(c) Kaya daban, mutane daban. Kada kowa ya hau bisa buhuna. A zaɓi wakilai biyu su bi kayan, su zauna gaba, su ɗaura bel.

(d) Ku yi alkawari a taro cewa in ɗaya ya yi wa direba magana, sauran za su goyi bayansa. A yi maganar da ladabi: "Malam direba, don Allah a sassauta, ba mu gaggawa." In an ci masa fuska, taurin kai zai ƙara.

(e) Ku rubuta sunayen direbobin da kuka ga natsuwarsu, ku riƙa ba su aiki, ku yaba musu a gaban shugabannin tasha. In natsuwa ta fara kawo kuɗi da suna, za a yi koyi da ita.

(f) In ƙungiya tana ba da bashin babur, a haɗa kuɗin hular kwano biyu a ciki, kada kuma a ba wanda ba shi da lasin.

(g) Kada a shanya hatsi a kan kwalta. Yana sa mota ta kauce zuwa hannun da ba nata ba, yana kuma jawo mata da yara da dabbobi bakin hanya. Amalanken da zai yi dare a ɗaura masa fitila ko kyalle mai ƙyalli a baya.

(h) In ruwa ya ci hanya ko gada, a tare wurin da rassan itace tun daga nesa ta kowane gefe, a sanar da mai unguwa da tasha nan da nan.

(i) Kowa ya riƙe lambar gaggawa ta FRSC, watau 122. A kai wanda ya ji rauni asibiti mafi kusa ba da ɓata lokaci ba. Ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu domin manyan raunuka. In tankar mai ce ta faɗi, a yi nesa da ita. A watan Oktoba na 2024 mutum fiye da 150 suka halaka a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura sa'ad da wuta ta tashi ana kwasar man da ya zube.

A 1972 Nijeriya duka ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma hannun dama cikin rana ɗaya, direbobin da suka shekara ashirin da tsohon sabo suka koyi sabo. Ashe halin tuƙi yana sākuwa in jama'a sun yarda tare. Magidanci ɗaya da ya karye a kaka, gonarsa ce za ta kwana a damina mai zuwa, kuɗin riɗin kuma ya ƙare a asibiti. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi domin taron ƙungiya

1. Cikin abubuwa bakwai ɗin nan, wanne ya fi yawa a hanyar da kuke bi zuwa kasuwa?
2. Yaushe rabon da waninku ya yi wa direba magana a kan gudu? Me sauran fasinja suka yi?
3. Yara nawa ne a garinku ke tuƙa babur ba su kai shekara 18 ba? Wa ke ba su makulli?
4. Waɗanne shawarwari biyu za ku fara aiki da su kafin kasuwa mai zuwa, kuma wa zai lura da cikawarsu?